KIƊAN ƘARFE: SHI KE ƁATA MATASA, KO AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI?

A wannan fitowar na ɗan ajiye zancen soyayya da na zaman aure a gefe, domin in ɗauke ku mu leƙa ƙasashen Turawa mu dubo wani irin kiɗa wanda aka shafe sama da shekara 50 ana tafka rigima a kansa tsakanin iyaye da 'ya'yansu, har abin ya kai ga majalisa da kotu da gidan yari. Su Turawa suna kiransa hebi metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi, ni kuwa don sauƙin faɗa zan riƙa ce masa kiɗan ƙarfe.

Na san wata za ta ce, to Anti, mu ina ruwanmu da kiɗan Turawa? Ke dai bari 'yar uwa, ai tun da waya ta shigo hannun kowa ruwan kowa ya zo. Kina jin wannan kiɗa a cikin finafinai, da wasannin kwamfuta da ƙannenki maza suke bugawa, da lokacin da 'yan kokawar Amurka za su fito fili, sai dai ba ki san sunansa ba. A shekarar 2022 wani fim mai dogon zango na Amurka, Stranger Things, ya saka wata tsohuwar waƙar ƙungiyar Metallica ta 1986, sai ga yaran da ko iyayensu ba su yi aure ba lokacin da aka yi waƙar suna rububinta a waya. Bayan wannan kuma, a cikin labarin akwai darasi babba a kan yadda ake yi wa matashi hukunci da tufafin jikinsa, da kuma yadda abin da kunne yake sha yake taɓa zuciya.

YAYA KIƊAN YAKE?

Yawanci mutum huɗu ne ko biyar a ƙungiya. Akwai mai kaɗa jitar lantarki, da mai wata jitar mai katuwar murya, da wanda yake zaune a tsakiyar jerin ganguna da faifayen tagulla yana dukansu da hannu da ƙafa, sai kuma mawaƙi. Sirrin abin yana ga na'urar ƙara sauti, wadda suke murɗawa har sai muryar jitar ta dushe ta koma gurnani. Mawaƙin kuwa wani ya ƙwala ihu da siririyar murya, wani ya yi ta gurnani daga maƙogwaro kamar zaki ya ga nama. Masu kallo su kuma su yi ta kaɗa kai sama da ƙasa, gashi yana tashi. Shigarsu baƙaƙen kaya ce, da rigar fata, da sarƙoƙi, da riguna masu zanen ƙoƙon kan mutum. Wallahi idan karon farko ne kika gani sai kin yi a'uziyya.

INDA AKA YANKE MASA CIBIYA

Bamingham wani babban birni ne a tsakiyar Ingila, garin masana'antu da maƙera, inda hayaƙi da ƙarar injin dukan ƙarfe ba sa ɗaukewa dare da rana. A wata unguwar talakawa ta garin mai suna Aston wasu samari huɗu suka haɗa ƙungiya a 1968: Tony Iommi, da Geezer Butler, da Bill Ward, da Ozzy Osbourne. Dukansu 'ya'yan talakawa ne. Shi Ozzy ma har aikin mayanka ya taɓa yi, ya kuma taɓa zaman gidan yari na mako 6 saboda sata, don mahaifinsa ya ƙi biyan tarar da aka ci shi domin ya ji a jikinsa.

Labarin Tony shi ya fi ba ni tausayi. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wata masana'antar ƙarfe, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, da wannan hannun na dama yake danne tsirkiyar jita. Kowa ya ce shi da kiɗa sai dai a mafarki. Yaron nan sai ya narka robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun 'yan huluna, ya lulluɓe su da fata, ya nemi tsirkiya marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don kada su riƙa yi masa ciwo. Sassautawar nan ita ta ƙara wa sautin kauri da nauyi. Kin ji fa, wani ɓangare na muryar da ta firgita duniya daga raunin yatsun wani yaro lebura ta fito.

Sunan ƙungiyar kuwa, Black Sabbath, daga wani fim na ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi. Sun lura mutane suna bin layi suna biyan kuɗi a sinima don a tsorata su, sai suka ce to me zai hana mu ma mu yi kiɗan ban tsoro mu sayar? Faifansu na farko ya fito ran 13 ga Fabrairu 1970. Daga nan wasu suka biyo sahu: Judas Priest su ma daga yankin Bamingham, Iron Maiden daga Landan a 1975, Metallica daga Amurka a 1981, har abin ya game duniya ya kuma rarrabu gida-gida.

ABIN DA AKE FAƊA A KANSU

Tambarin da aka liƙa wa masu wannan kiɗa da masu sauraronsa guda huɗu ne. An ce 'yan bautar Shaiɗan ne, an ce 'yan ƙwaya ne, an ce daƙiƙai ne waɗanda makaranta ta kora, an kuma ce mafaɗata ne masu son zubar da jini.

Su ma fa makaɗan suna da hannu wajen jawo wa kansu, domin sun gane tsoro haja ce mai tafiya a kasuwa. A watan Janairu 1982, a garin Des Moines na Amurka, wani ya jefo jemage kan dandamali, Ozzy ya ɗauka ya gatsa masa haƙori a kai. Daga baya ya ce shi ya zaci na roba ne, kuma sai da aka garzaya da shi asibiti aka yi ta ɗirka masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Tabɗijam! Har ya mutu wannan labari bai bar shi ba.

Amma da za ki bi wasu abubuwan a hankali sai ki ga kama da wane ba ta wane. Ɗauki alamar nan da suke yi da hannu, a ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa, wadda ake cewa ƙahon Shaiɗan ce. Wanda ya yaɗa ta shi ne mawaƙi Ronnie James Dio, da ya shiga Black Sabbath a 1979, kuma ya ce a wajen kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi ne don kare kanta daga mugun ido, irin dai yadda tsofaffi suke tsoron kambun baka. Su 'yan Black Sabbath ɗin da kansu gicciye suke ratayawa a wuya, wanda ya fi rubuta musu waƙa kuwa, Geezer, a gidan 'yan Katolika masu riƙon addininsu ya tashi. Ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinsu na 1970, War Pigs, zagin shugabannin da suke tura 'ya'yan talakawa yaƙi ce. Waccan waƙar ta Metallica da na ambata a farko, Master of Puppets, magana take a kan yadda ƙwaya take mayar da mai shanta bawa. Batun daƙiƙanci kuwa, mawaƙin Iron Maiden, Bruce Dickinson, matuƙin jirgin sama ne wanda ya yi aiki da kamfanin jigilar fasinja, kuma shi da kansa ya riƙa tuƙa ƙaton jirgin da ƙungiyarsu take yawon duniya da shi.

RANAR DA IYAYE MATA SUKA TASHI TSAYE

A Amurka wata baiwar Allah mai suna Tipper Gore, matar Sanata Al Gore wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ta saya wa 'yarta 'yar shekara 11 wani faifai, da suka kunna sai ta ji batsa tsagwaronta. Abin mamaki ma faifan ba na kiɗan ƙarfe ba ne, na mawaƙi Prince ne. Ranta ya ɓaci, a 1985 ta haɗa kai da wasu matan manya suka kafa ƙungiyar sa ido a kan waƙoƙi, suka fitar da jerin waƙa 15 da suka ce sun fi kowace ƙazanta, 9 daga ciki na masu kiɗan ƙarfe ne da danginsa.

Ran 19 ga Satumba 1985 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan maganar. Aka kirawo Dee Snider, mawaƙin ƙungiyar Twisted Sister, ya shigo da buzu-buzun gashinsa da 'yar shara, kowa yana jiran ya ji shirme. Sai mutumin nan ya zaro takarda daga aljihu ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ce shi magidanci ne mai mata da ɗa, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya shan ƙwaya, kuma waƙarsa da aka ce tana koyar da azabtar da mata, a kan fargabar shiga ɗakin tiyata ya yi ta, saboda aikin da za a yi wa wani abokin kiɗansa. Ya ƙara da cewa duba abin da yaro zai saurara aikin uwa da uba ne. A ƙarshe dai kamfanonin faifai suka yarda su riƙa manna wata 'yar takardar gargaɗi ga iyaye a jikin duk faifan da yake da munanan kalamai, kuma daga 1990 ta zama baƙa da fari ɗin nan da kike gani a jikin hoton wasu waƙoƙi a waya.

Ni a ganina matan nan ba su yi laifi ba da suka nemi a sanar da iyaye abin da yake cikin faifai. Uwa tana da haƙƙin ta san abin da 'yarta take ji. Inda gizo yake saƙar shi ne lokacin da tsoro ya rufe wa manya ido har suka daina bincike.

KOTU TA SHIGA MAGANA

A watan Disamba 1985, a jihar Nebada ta Amurka, wasu samari biyu, ɗan shekara 18 da ɗan shekara 20, suka wuni a ɗaki suna shan giya da wiwi suna sauraron faifan Judas Priest, daga nan suka fita suka yi yunƙurin hallaka kansu. Ɗaya ya mutu nan take, ɗayan ya rayu da mummunan rauni har shekara 3 kafin shi ma ya cika. Iyayensu suka kai ƙara, suka ce an ɓoye wani saƙo a cikin faifan wanda kunne ba ya kama shi sosai amma yana shiga ƙwaƙwalwa. A 1990 aka yi shari'ar a garin Reno, aka yi makonni ana kunna faifai gaba da baya a gaban alƙali. A wajen shari'ar ne ya fito fili cewa samarin sun daɗe da barin makaranta, sun daɗe cikin shaye-shaye, kuma sun taso cikin rikici da damuwa. Alƙali ya wanke makaɗan. Mawaƙinsu Rob Halford ya nuna cewa babu ɗan kasuwar da zai so kashe masu sayen hajarsa, da ma a ce suna iya ɓoye saƙo, ai na a ƙara sayen faifansu za su ɓoye.

Ina tausaya wa iyayen nan matuƙa, domin wanda ya rasa ɗa dole ya nemi inda zai ajiye zafin zuciyarsa. Sai dai yaran sun yi shekaru suna nutsewa a gaban idon kowa kafin wannan rana, faifan dai shi ne abu na ƙarshe da aka tarar a ɗakin.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru a garin West Memphis na jihar Arkansas a 1993. An tsinci gawar wasu yara maza uku 'yan shekara 8, gari ya ruɗe, aka ce aikin matsafa ne. Sai aka kama wasu samari uku masu shekara 16 da 17 da 18. Cikin abubuwan da aka kawo wa kotu don nuna halinsu har da cewa suna sa baƙaƙen kaya kuma suna sauraron kiɗan ƙarfe. A 1994 aka yanke wa ɗaya hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai da rai. Da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta a 2007 ba a sami abin da ya haɗa su da wurin kisan ba, amma ba su shaƙi iskar waje ba sai a watan Agusta 2011, bayan shekara 18, ta hanyar wata yarjejeniya da ta ba su damar ci gaba da cewa ba su aikata ba. Ki duba fa, sun shiga suna samari sun fito ƙuruciya ta wuce.

A Ingila ma a 2007 wasu matasa suka far wa wata budurwa 'yar shekara 20 da saurayinta a wani wurin shaƙatawa, ba don komai ba sai don irin baƙar shigarsu. Ita ta rasu a asibiti. To a nan wa ya cancanci a kira mugu, mai baƙar riga ko masu dukan?

IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

Kada wata ta karanta wannan ta ce Anti ta wanke kiɗan ƙarfe tas. A'a, akwai ɓarna ta gaske a cikinsa, kuma ba zan ɓoye muku ba.

A ƙasar Nowe, a farkon shekarun 1990, wasu 'yan tsirarun samari masu wani reshe na wannan kiɗa suka mayar da wasa gaske. Suka shiga ƙona coci-coci, har da wata tsohuwar cocin katako mai ɗaruruwan shekaru a kusa da garin Bergen da ta ƙone a 1992. A 1993 ɗaya daga cikinsu, Varg Vikernes, ya kashe abokin kiɗansa da wuƙa, a 1994 aka ɗaure shi shekara 21 saboda kisan da kuma ƙona coci. Akwai kuma ƙungiyoyin da waƙarsu zagin addini ce ƙiri-ƙiri, wasu kuma wariyar launin fata suke yaɗawa, wato ni da ke ma ba sa ƙaunar ganinmu.

Shaye-shaye kuwa ya ci da yawa daga cikin manyansu. Shi kansa Ozzy saboda giya da ƙwaya abokansa suka kore shi daga ƙungiya a 1979, kuma a 1989 'yan sanda suka kama shi bayan ya shaƙe matarsa Sharon cikin maye. Mawaƙin Metallica, James Hetfield, sai da ya kwanta a gidan gyaran masu shaye-shaye a 2001. Sannan mu mata muna da namu ƙorafin, domin a shekarun 1980 yawancin hotunan bidiyon wasu ƙungiyoyin Amurka sun mayar da mace tamkar kayan ado, a tuɓe ta a ajiye a gefen mota ko cikin keji. Duk yarinyar da ta san darajar kanta ba za ta so a nuna 'ya mace haka ba.

ME MASU BINCIKE SUKA GANO?

A 2015 wasu mata biyu masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, Leah Sharman da Genevieve Dingle, suka tara mutum 39 masu son irin wannan kiɗa, 'yan shekara 18 zuwa 34. Suka sa kowa ya yi ta ba da labarin abin da ya taɓa ƙona masa rai har sai da ya fusata, sannan wasu aka bar su shiru na minti 10, wasu aka ce su saurari waƙar da suke so. Waɗanda suka saurari kiɗan fushinsu bai ƙaru ba, hasali ma sun ce sun ji sanyi da ƙarfin gwiwa. Kamar dai yadda mai baƙin ciki yake samun sauƙi in ya yi kuka ne. Amma ki lura, mutum 39 ba su da yawa, kuma manya ne waɗanda da ma suna son kiɗan.

A wannan shekarar dai wata malama a Amurka, Tasha Howe, ta binciki mutum 377, cikinsu har da waɗanda suka yi tashen kiɗan ƙarfe a shekarun 1980. Ta tarar da yawansu sun yi rayuwar ganganci a ƙuruciya, amma da suka manyanta sun zama mutane masu aiki da iyali da kwanciyar hankali, kuma abin da ya taimake su shi ne zumuncin da yake tsakaninsu. Ni dai da na karanta sai na ce, to waɗanda ƙwaya ta kashe tun suna samari ai ba su zo sun amsa tambaya ba, don haka a riƙa sara ana duban bakin gatari.

Wanda ya fi shafarmu shi ne aikin Katrina McFerran ta Jami'ar Melbourne a 2011, domin ita a kan 'yan makaranta ta yi. Ta gano yawancin matasa suna jin kiɗa ne su sami nishaɗi su wuce wurin. Amma akwai 'yan kaɗan masu ƙunci a zuciya, waɗanda suke kulle kansu a ɗaki suna maimaita waƙa ɗaya ta baƙin ciki ba dare ba rana, kuma in sun gama sai su ji sun fi da damuwa. Ta ce wannan alama ce da ya kamata iyaye su lura da ita. Wato sau da yawa ciwon yana nan tun kafin kiɗan, yaron ne ya je ya nemo waƙar da ta yi kama da abin da yake ransa, ita kuma waƙar in an yi ta nanata ta sai ta ƙara danna shi ciki.

HAR DA MASU HIJABI

Wannan rigima ba ta tsaya a ƙasar Turawa ba. A watan Janairu 1997 'yan sandan Masar suka bi gida-gida a Alƙahira suka kama gomman matasa bisa zargin bautar Shaiɗan, daga baya aka sake su don babu hujja. A 2003 wata kotu a Kasablanka ta Maroko ta ɗaure matasa 14 daga wata 1 zuwa shekara 1, jama'a suka yi ca, da aka ɗaukaka ƙara aka wanke 11 daga cikinsu.

A Indunusiya kuwa, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin, wasu 'yan mata uku 'yan ƙauye daga yankin Garut, Marsya da Widi da Siti, suka kafa ƙungiya a 2014 suna 'yan makarantar Islamiyya. Yara ne da ake yawan kai ƙararsu ofishin malamin ba da shawara saboda rashin ji, shi kuma malamin maimakon bulala sai ya ba su kayan kiɗa. Sunan ƙungiyarsu Voice of Baceprot, kalmar ƙarshen tana nufin hayaniya da harshensu na Sunda. Da hijabinsu suke hawa dandamali, suna waƙa a kan karatu da haƙƙin mata da lalacewar muhalli. Sun sha tsangwama daga masu ganin abin bai dace da 'ya mace Musulma ba, har da jifa da barazana, iyayensu ma da farko ba su so ba. A 2024 suka zama ƙungiyar Indunusiya ta farko da ta yi wasa a babban bikin Glastonbury na Ingila. A nan Afirka ma akwai masu wannan kiɗa a Botsuwana, maza da mata cikin baƙar fata da malafa irin ta makiyaya, kuma bikin da ƙungiyar Overthrust take shiryawa a garin Ghanzi ana tara taimako ne a cikinsa don yara marasa galihu.

Ban kawo labarin 'yan matan Garut don in ce wata ta ɗauki jita ba. Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, kowace ta tambayi malaminta ta kuma bi umarnin iyayenta. Na kawo shi ne don ki ga yadda malami ɗaya da ya zauna ya saurari yaran da kowa ya sallama ya canza musu rayuwa.

KUNNENKI FA?

Akwai wata illa guda wadda babu gardama a kanta, kuma ta shafi kowane irin kiɗa, har da na Indiya da namu na gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ana auna ƙarar sauti da ma'aunin desibel. A kan desibel 80 kunnen babba zai iya jure awa 40 a mako, amma da an kai 90 sai ya koma awa 4 kacal, filin wasan kiɗan ƙarfe kuwa yakan kai 100 har ya wuce. A can cikin kunne akwai wasu 'yan mitsi-mitsin gashi masu kama sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa. Mai gangar Metallica, Lars Ulrich, ya daɗe yana fama da kunne mai yi masa ƙara ba ƙaƙƙautawa, mawaƙin AC/DC kuma, Brian Johnson, dole ya dakatar da wasa a 2016 da likitoci suka ce zai kurumce. Don haka ƙanwata mai kwana da iyafis a kunne, ki rage ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100, ki kuma riƙa cirewa kunne yana hutawa.

SHAWARATA

Mu da muke rubuta littattafan soyayya mun san zafin a yi maka kuɗin goro, domin mun sha jin an ce mu muke ɓata 'yan mata, alhali mai faɗar ko shafi ɗaya bai buɗa ba. Kuma mun san a cikinmu akwai masu rubuta abin da bai kamata ba. Shi ya sa nake ganin adalci shi ne a ɗauki kowane littafi da kowace waƙa a duba abin da yake ciki.

Ke 'yar makaranta, kada ki riƙa rera waƙar da ba ki san ma'anarta ba, ki nemi fassararta tukuna, domin sau da yawa da kin ji abin da ake faɗa da kanki za ki goge ta. In kin gama sauraron abu ki tambayi zuciyarki, sauƙi na ji ko ƙunci ya ƙaru? In ya hana ki salla a kan lokaci, ko bitar karatu, ko barci, to ya zama cuta ko da muryar mai waƙar ta fi zuma zaƙi. In kuma kin ji duniya ta yi miki zafi har kina tunanin cutar da kanki, don Allah kada ki kulle ƙofa ki toshe kunne, ki sami mahaifiyarki ko yayarki ko wata malama da kika yarda da ita ki faɗa mata, a kai ki ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar zazzaɓi kuma yana da magani. Haka nan in a ajinku akwai wata mai shiru-shiru ko mai wata shiga daban, kada ki shiga sahun masu yi mata laƙabi, ki matsa kusa da ita ki gaishe ta.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu, fasa waya da duka ba sa cire abin da yake cikin zuciya. Ku zauna da yarinya ku ce ta kunna muku abin da take ji, ku tambaye ta me ya burge ta a ciki, daga amsarta za ku gane inda yake mata ciwo.

Shi dai Ozzy Osbourne, wanda iyayen Amurka suka taɓa ɗauka dodon 'ya'yansu, ya yi wasansa na ƙarshe ran 5 ga Yuli 2025 a filin ƙwallon Aston Villa, a unguwar da ya tashi, yana zaune a kan kujera saboda ciwon karkarwar jiki ya hana shi tsayuwa, kuma an ware ribar wasan ne don asibitin yara na Bamingham da wasu gidajen taimako biyu. Bayan kwana 17 ya mutu yana da shekara 76, dubban mutane suka cika titunan garin don rakiyar gawarsa, da yawansu kakanni ne riƙe da jikoki, waɗanda su ne yaran da aka ce sun lalace a 1980.

A nan zan dakata. Mai ƙarin bayani ko wadda take ganin ba haka ba, ƙofa a buɗe take, ta rubuto ta hannun edita. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba 'yan makaranta sa'ar jarrabawa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.